Idan Hukuma Ta Hana, Kotu Ta Ce A Sake Zama: Darasi Daga Shari'ar Kuɗin Tallafi A Amurka

  Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu ƙasar Amurka ne, domin mu ga abin da ke faruwa idan ciwo ya kwantar da magidanci, ko ya kwantar da uwar gida, ko mace ta rasa mijinta, aka je neman kuɗin tallafin da doka ta tanada, sai hukuma ta aiko da takarda ta ce ba za a biya ba. Dokar ƙasar ta ba mai nema damar ya kai hukumar ƙara kotu. Idan kotu ta duba ta ga an yi kuskure, abin da ta fi yi shi ne ta soke hukuncin, ta mayar wa hukumar da fayil ɗin, ta ce a sake zama. Wannan mayarwa ita za mu yi nazari a kanta.

'Yar uwa, kada nisan ƙasar ya sa ki wuce shafin. A yawancin gidaje mace ce mai jinya, ita ke rakiya asibiti, ita ta san daren da ba a runtsa ba, kuma a ɗakinta ake ajiye takardu. Za ki ga cewa irin wannan shari'a a kan waɗannan takardu take tsayawa ko ta faɗi. Za ki kuma ji abin da wata kotu ta ce game da girki da wanki da rainon yara, lokacin da aka mayar da su hujjar hana wata uwa tallafi.

Asalin shirin

Ran 14 ga Agusta 1935 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar da ta kafa shirin fanshon ma'aikata na ƙasa baki ɗaya. Da farko ma'aikacin da ya tsufa kaɗai ake biya. A 1939 aka gyara dokar, aka shigar da matarsa da 'ya'yansa ƙanana, da kuma matar da mijinta ya rasu ya bar ta. A 1956 aka ƙara ma'aikacin da ciwo ya hana shi aiki. A 1972 kuma aka kafa wani shiri na daban da suke kira SSI, domin tsofaffi da makafi da masu nakasa marasa hali, har da yara, ko da mutum bai taɓa aikin albashi ba. An fara biyan wannan a Janairun 1974.

Shiri na farko kamar adashi yake. Ana cire wa ma'aikaci kashi 6.2 cikin 100 na albashinsa, har zuwa wata iyaka da ake sabuntawa duk shekara, wanda ya ɗauke shi aiki ma ya zuba daidai wannan. Duk shekarar aiki mutum na iya samun maki 4, kuma fanshon tsufa sai da maki 40, wato kimanin shekara 10 ke nan ana zubi. Matar da mijinta ya rasu tana iya fara karɓa daga shekara 60, ko daga 50 in tana da nakasa, ko kuma a kowace shekara in tana riƙe da ɗan mamacin da bai kai 16 ba. Shi kuwa SSI daga baitulmalin gwamnati ake biyansa, kuma sai wanda dukiyarsa ba ta wuce dala 2,000 ba, ko 3,000 ga miji da mata, ban da gidan da suke ciki da mota ɗaya. Hukuma ɗaya ce ke tafiyar da shirye-shiryen biyu, ita ce ake taƙaita sunanta da SSA, hedkwatarta tana kusa da birnin Baltimo.

Wane ne doka ta ce ciwo ya hana shi aiki?

Yawancin ƙararrakin da ke kaiwa kotu a kan wannan tambaya suke. A wurin doka bai isa a ce mutum ba shi da lafiya ba. Sai likita ya tabbatar da ciwon, sai ciwon ya kasance ya daɗe wata 12 ko ana sa ran zai kai haka, ko kuwa zai zama ajali, kuma sai ya hana mutum duk wani aiki na samun abin kirki. Hukuma tana auna wannan da tambayoyi biyar, ɗaya bayan ɗaya:

1. Shin yanzu haka yana aikin da ke kawo masa kuɗin da ya kai wani adadi? In haka ne, magana ta ƙare.
2. Shin ciwon mai tsanani ne, har ya rage masa ƙarfin yin aiki?
3. Shin ciwon yana cikin jerin cututtukan da hukuma ta riga ta lissafa, ko ya kai tsananinsu? In haka ne, an yarda nan take.
4. In bai kai ba, shin da sauran ƙarfin da ya rage masa zai iya komawa aikinsa na da? Da ana duba ayyukan shekara 15 baya, amma daga 2024 an rage zuwa 5.
5. In ba zai iya ba, shin akwai wani aiki dabam a ƙasar, mai yawa, da zai iya yi, in an yi la'akari da shekarunsa da karatunsa da abin da ya iya?

Ki lura da abu guda a nan. A tambayoyi huɗu na farko, mai nema shi ke da nauyin kawo hujja. A ta biyar nauyin yana komawa kan hukuma, ita za ta nuna cewa akwai aikin. Domin haka take kiran wani masanin sana'o'i ya ba da shaida a kan irin ayyukan da ke akwai da yawansu.

Matakai huɗu kafin a isa kotu

Mutum ba ya tashi daga takardar hani ta farko ya zarce kotu. Sai ya bi matakai huɗu na cikin hukuma. Na farko shi ne hukuncin farko, wanda wani ofishi na jiha ke yankewa a madadin hukumar. Na biyu, a nemi a sake dubawa, wasu ma'aikata dabam su karanta fayil ɗin. Na uku, zama a gaban alƙalin hukuma, ko ido da ido, ko ta waya, ko ta bidiyo. Na huɗu, majalisar ɗaukaka ƙara ta hukumar, wadda ke karanta takardu kawai, ta ce ta ƙi dubawa, ko ta gyara hukuncin, ko ta mayar wa alƙali.

Mataki na uku shi ne zuciyar lamarin. A nan ne mai nema ke buɗe baki ya faɗi abin da ke damunsa, a nan ne matarsa ko mijinta zai iya ba da shaida. Babu lauyan gwamnati a ɗakin da zai yi jayayya da shi, hasali ma an ɗora wa alƙalin nauyin ya binciko hujjojin ɓangarorin biyu. Ana sanar da ranar zama kwana 75 kafin lokaci, kuma ana so duk takardun asibiti su isa, ko a sanar da alƙali akwai su, aƙalla ranakun aiki 5 kafin zaman.

Tsakanin kowane mataki da mai bi masa wa'adin kwana 60 ne daga ranar da takarda ta iso hannu, kuma hukuma tana ɗauka cewa ta iso kwana 5 bayan kwanan watan da ke jikinta. Haka wa'adin yake daga mataki na huɗu zuwa kotu. Wanda ya makara sai ya kawo ƙwaƙƙwaran dalili, in ba haka ba hukuncin ya zauna.

Ga misalin yadda wa'adi ke wahalar da mutum. A Maris 2014 alƙalin hukuma ya hana wani mutum tallafi. Lauyansa ya ce ya aika da takardar ɗaukaka ƙara a watan Afrilu, cikin wa'adi. Hukuma ta ce ita ba ta ga takarda ba. Da lauyan ya sake aika kwafi a watan Satumba, sai aka ce ya makara, aka kori ƙarar. Ya je kotu, kotu ta ce ba ta da hurumin duba irin wannan kora. Sai a Mayun 2019 Kotun Ƙoli, da bakin alƙalanta gaba ɗaya, a hukuncin da mai shari'a Sonia Sotomayor ta rubuta, ta ce wanda aka riga aka saurare shi a gaban alƙalin hukuma yana da damar kai irin wannan kora kotu. To kin gani, shekara biyar ana ja a kan ko an aika wasiƙa ko ba a aika ba, ba a ma kai ga maganar ciwon ba. Da akwai rasit ɗin gidan waya a hannu, da wuya maganar ta yi wannan nisa.

Abin da kotu ke dubawa

Sashe na 205(g) na dokar shi ya buɗe ƙofar kotu. Ana shigar da ƙara a kotun tarayya ta gunduma, waɗanda suke 94 a faɗin ƙasar. Kuɗin shigar da ƙara dala 405 ne tun Disamban 2023, amma wanda ba shi da hali yana iya roƙon a yafe masa. Bisa ƙa'idojin da suka fara aiki ran 1 ga Disamba 2022, hukuma tana da kwana 60 ta kawo fayil ɗin gaba ɗayansa, mai ƙara ya rubuto hujjarsa cikin kwana 30, hukuma ta mayar da martani cikin 30, shi kuma ya rufe cikin 14.

A nan mutane da yawa ke yin kuskuren fahimta. Suna zaton za su tsaya a gaban sabon alƙali su nuna masa kumburin ƙafa ko tabon tiyata. Ba a kiran shaidu a wannan mataki, ba a kuma auna mara lafiya. Alƙalin kotu fayil yake karantawa, yana neman amsar tambayoyi biyu. Ta ɗaya, shin an bi doka daidai? Ta biyu, shin akwai isasshiyar hujja a cikin fayil da ke goyon bayan hukuncin?

Isasshiyar hujja kuwa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta fassara a 1971 ta kuma nanata a 2019, ita ce hujjar da mai hankali zai iya yarda da ita a matsayin wadda ta isa a gina hukunci a kai. Wannan ma'auni ba mai tsauri ba ne a kan hukuma. In hujjoji sun rabu biyu, wani likita ya ce kaza, wani ya ce kaza, alƙalin hukuma ya zaɓi ɗaya ya kuma faɗi dalilinsa, to kotu ba za ta taɓa hukuncin ba, ko da ita da kanta ɗaya ɓangaren za ta zaɓa.

To ina mai ƙara zai sami kafa? A wurin dalili. Tun 1943 Kotun Ƙoli ta kafa ƙa'ida cewa ana auna hukuncin hukuma ne da dalilin da ita hukumar ta rubuta a lokacin da ta yanke shi. Lauyan gwamnati ba zai zo kotu daga baya ya ƙirƙiro wani dalili mai kyau da alƙalin bai rubuta ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Shikago tana kwatanta abin da gada: dole alƙali ya gina gada daga hujja zuwa hukunci, yadda mai karatu zai iya bi ya haye. In aka karanta aka ga hujja tana wannan gaɓa, hukunci yana waccan, babu abin da ya haɗa su, sai a mayar.

Kurakuran da suka fi jawo mayarwa sanannu ne. Akwai alƙalin da zai watsar da ra'ayin likitan da ke duba mara lafiya ba tare da bayani ba. Ga buƙatun da aka shigar daga 27 ga Maris 2017, ba dole ne ya fifita wannan likita ba, amma dole ya bayyana abu biyu: yadda likitan ya kafa ra'ayinsa da gwaje-gwaje, da yadda ra'ayin ya dace ko ya saɓa da sauran abin da ke fayil. Akwai wanda zai tsinci ranakun da aka rubuta an ji sauƙi, ya tsallake ranakun da aka kwana asibiti. Akwai wanda zai yi wa masanin sana'o'i tambaya amma ya manta da wata gazawa da shi da kansa ya yarda mara lafiyan yana da ita. Akwai kuma wanda zai auna kowane ciwo shi kaɗai, bai duba yadda suke haɗuwa su yi nauyi ba. Sai dai ki sani, in kuskuren ƙarami ne da ba zai canza sakamako ba, kotu tana barin hukuncin yadda yake.

Shari'ar uwar yara biyu

Yanzu ga shari'ar da na yi miki alkawari. Wata mata ce mai yara ƙanana biyu, ba ta da miji a gida, tana fama da ciwon ƙashin baya, ga kuma ƙiba mai yawa. Alƙalin hukuma ya hana ta tallafi, kuma babbar hujjarsa ita ce wai ai tana kula da kanta, tana ciyar da yaranta, tana yi musu sutura, saboda haka za ta iya aikin albashi. Ta kai ƙara kotun gunduma, kotun ta goyi bayan hukuma. Ba ta tsaya nan ba, ta ɗaukaka zuwa kotun Shikago, mai kula da jihohin Ilinoi da Indiyana da Wiskonsin.

A 2005 kotun ta soke hukuncin, a rubutun mai shari'a Richard Posner. Ta ce ba daidai ba ne a ɗauki aikin gida a daidaita shi da aikin albashi haka kawai. Dalilanta su ne waɗannan. Na farko, fayil ɗin da kansa ya nuna cewa da ƙyar matar ke yin ayyukan, kuma da taimakon 'yar uwarta da maƙwabta, amma alƙalin bai ba wannan muhimmanci ba. Na biyu, uwa ba ta da zaɓi. Ko dai ta kula da 'ya'yanta ko ta miƙa su ga wani ya riƙe, kuma wannan na iya sa ta yi abin da ya fi ƙarfinta. Na uku, raino duk da wuyarsa yana da sassaucin da wurin aiki ba shi da shi, domin jariri yana barci, uwa ta samu ta kishingiɗa. Sannan kotun ta ce alƙalin bai auna yadda ƙiba ke ƙara wa ciwon baya nauyi ba.

A 2012 kotun ta sake komawa kan maganar a wata shari'a, ta fayyace bambanci uku tsakanin aikin gida da na albashi: a gida mutum shi ke zaɓar lokacinsa, yana iya samun mai taya shi, kuma babu shugaban da ke tsaye a kansa yana auna yawan abin da ya yi.

Ke da kanki kin san gaskiyar wannan. Mace tana iya ɗora tukunya ta koma ta kwanta, ta tashi ta juya ta sake kwanciya, wankin da za a gama da hantsi ya kai ta la'asar. Wanda ya shigo da magariba ya tarar da tuwo a kwano zai ce lafiyarta ƙalau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma a kula da iyakar hukuncin. Kotu ba ta hana alƙali duba ayyukan yau da kullum ba, ƙa'idar hukuma ma ta lissafa su cikin abin da ake dubawa. Kuma kotu ba ta ce a biya matar ba. Cewa ta yi a mayar da fayil ga hukuma, a sake aunawa yadda ya kamata.

Mayarwa iri biyu

Me ya sa kotu ba za ta yanke kawai ta ce a biya ba, tun da ta ga kuskure? Saboda doka hukuma ta ɗora wa aikin auna hujja, kotu kuma aikinta ta tabbatar an auna bisa ƙa'ida. Mai karatu a Arewa ta san makamancin wannan, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kan soke hukuncin ƙaramar kotu ta ba da umarnin a sake sauraron ƙarar. Alƙaluman hukumar na shekarun baya-bayan nan sun nuna cewa fiye da rabin ƙararrakin da kotunan tarayya ke yankewa mayarwa ake yi, waɗanda kuwa kotu ke ba da umarnin biya kai tsaye ba su wuce 1 ko 2 cikin 100 ba. Sau da yawa ma lauyoyin gwamnati da kansu ke karanta fayil su ga hukuncin ba zai karu ba, su roƙi kotu ta mayar.

A 1991 Kotun Ƙoli ta ce mayarwa iri biyu ce kawai doka ta sani, kuma ana kiran kowace da lambar jimlar da ta zo a cikinta a sashe na 205(g).

Ta farko ita ce ta jimla ta huɗu. A nan kotu ta karanta, ta sami kuskure, ta soke hukuncin, ta mayar, ta rufe littafinta. A 1993 Kotun Ƙoli ta ce wannan cikakken hukunci ne, kuma wanda ya same shi ana lissafa shi a matsayin wanda ya yi nasara a kotu, ko da bai karɓi ko sisi ba tukuna.

Ta biyu ita ce ta jimla ta shida. A nan kotu ba ta ce an yi kuskure ba. Ana yin ta ne in sabuwar hujja ta bayyana, bisa sharuɗɗa uku: ta kasance sabuwa, ta kasance mai nauyin da za ta iya canza hukunci, kuma a sami kyakkyawan dalilin da ya hana a kawo ta tun farko. Ana kuma yin ta in hukuma ta roƙa kafin ta ba da amsa, misali in an nemi faifan da aka naɗi zaman an rasa. A wannan iri kotu tana riƙe da ƙarar, sai hukuma ta gama ta dawo mata da sakamako.

Sharaɗi na uku shi ke kayar da mutane. Takardar gwajin da ke cikin jaka tun kafin zama, aka manta ba a miƙa ba, da wuya kotu ta karɓi mantuwa a matsayin dalili.

Wani lokaci kuskuren yana cikin ƙa'idar hukuma ne kanta, sai gyaran ya shafi jama'a da yawa. A Fabrairun 1990 Kotun Ƙoli ta ce hanyar da hukuma ke bi wajen auna nakasar yara ta saɓa wa doka, domin jerin cututtuka kawai take dubawa, ba ta duba yadda ciwon ke shafar rayuwar yaron ba, alhali ana yi wa manya irin wannan duba. Sakamakon haka sai da aka nemi iyayen yara fiye da 400,000 da aka hana tun daga 1980 domin a sake duba nasu. Daga baya, a 1996, majalisar dokokin ƙasar ta sake rubuta ma'aunin ta tsaurara shi.

Bayan an mayar

Fayil yana komawa majalisar ɗaukaka ƙara ta hukuma, ita kuma galibi ta tura wa alƙali da umarnin abin da zai gyara. Yawanci alƙalin farko ne dai ake mayar wa. Ana sa sabuwar ranar zama, kuma a wannan karon ƙofa a buɗe take a kawo sababbin takardun asibiti. Alƙalin yana iya cewa a biya, yana kuma iya sake hanawa, muddin ya gyara abin da kotu ta nuna. In ya sake hanawa, mai nema yana da kwana 30 ya rubuta wa majalisar ƙorafinsa, ko ya jira kwana 60 su cika hukuncin ya zama na ƙarshe, ya sake komawa kotu.

In an yi nasara ana biyan bashin watannin da suka wuce. Lauyan da ya tsaya a kotu ba ya karɓar fiye da kashi 25 cikin 100 na wannan bashi a kan aikin kotun, kuma sai alƙali ya amince. Akwai kuma wata doka ta 1980 da ke sa gwamnati ta biya kuɗin lauya in matsayin da ta ɗauka ba shi da madogara mai ƙarfi. In lauya ya sami biyun, dole ya mayar wa mai ƙara da wanda ya fi ƙanƙanta.

Duk wannan tafiya takan ci shekaru, har wani ya rasu yana jira. In haka ta faru ƙarar ba ta mutuwa tare da shi. Matarsa da ke zaune da shi tana iya tsayawa a madadinsa, kuma ita ce a sahun farko wajen karɓar bashin in an yi nasara.

Abin da za mu riƙe

Kwanaki da adadin da na lissafa na dokar Amurka ne, kada a ɗauke su a auna wata ƙasa da su. Wadda ke da ɗa ko ƙanwa ko miji a can, ta isar musu da su. Amma abin da shari'o'in suka koyar zai yi wa kowace mai jinya amfani.

Na ɗaya, abin da ba a rubuta ba kotu ba ta ganinsa. In kin raka mara lafiya wurin likita, ki tabbatar an faɗi komai, kada kunya ko kara su sa a ce da sauƙi alhali babu sauƙin. Wannan kalma ita za a rubuta, ita kuma za a karanta bayan shekara uku.

Na biyu, in aka tambaye ki aikin da kike yi ko wanda mara lafiyanki ke yi, ki faɗi gaskiya cikakkiya, ba ƙari ba ragi. Kada ki tsaya a kan cewa kina girki. Ki faɗi minti nawa kike iya tsayuwa, sau nawa kike hutawa, wa ke ɗauke miki tukunya.

Na uku, ranar da takardar hukuma ta iso ki rubuta kwanan wata a jikinta, ki ƙirga wa'adi. Duk abin da za ki miƙa ki riƙe kwafi, ki karɓi shaidar an karɓa.

Na huɗu, in an hana, ki karanta dalilin da aka rubuta, layi bayan layi, ki gwada shi da takardun da ke hannunki. Daga nan ake gane ko gadar ta haɗu.

Tambayoyin bita, domin a tattauna a zaman ƙungiya:

1. Waɗanne tambayoyi biyu ne kotu ke yi idan tana duba hukuncin hukuma?
2. Mene ne bambancin mayarwar jimla ta huɗu da ta jimla ta shida?
3. Kawo bambanci uku tsakanin aikin gida da aikin albashi kamar yadda kotun Shikago ta bayyana.
4. Me ya sa kotu ba ta cika ba da umarnin biya kai tsaye ba?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mun sadu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.